Mai Alli da Akwatin Yayarsa

Duk wanda ke neman abinci a bayan juji ya san Mai Alli, ko da magana ba ta taɓa haɗa su ba. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa saboda shekara ashirin da bakwai da ya yi yana duban ƙasa, kuma ba ka raba bayan kunnensa na dama da guntun alli. Sauran mutanen wurin ƙarfe suke nema. Idan tifa ta juye kayan wutar da ofisoshi da makarantu suka zubar, abin da suke gani shi ne jan ƙarfen cikin waya, da alminiyom, da ɗan ruwan zinarin da ke bakin koren allon ciki. Shi kuwa bawan Allah kwamfuta yake nema ɗungurungum, kuma tsohuwa, irin mai launin ƙashi ɗin nan wadda in ka ɗaga ta sai ka ji a ƙugunka.

'Yan guduma, wato masu fasa kayan su ware ƙarfe, ba su da abin tsokana kamarsa. Da sun hango shi sai wani ya ce, "Ga likitan gawa nan, kowa ya ɓoye majinyacinsa." Shi kuwa ko a jikinsa. Sai dai ya tsuguna, ya goge bayan wata kwamfuta da hannun riga, ya leƙa ramukanta, ya yi ciniki da wanda ya riga shi dafawa, don dokar wurin ke nan, wanda ya fara ɗora hannu a kan abu shi ke da shi.

Ba da son ransa ya faɗo juji ba. Yana ɗan shekara tara uwarsu ta rasu, uban kuwa dama bai san shi ba, sai yayarsa mai shekara goma sha tara ta riƙe shi da allura da zare. Ita ta kai shi wurin wani mai gyaran tafireta, ita ta saya masa sukudirebansa na farko, mai jan mariƙi, wanda har yau yana aljihunsa. Ya koyi aikin, ya ƙware, daidai lokacin da mutane suka daina buga takarda da tafireta. Da shagon ya rufe sai ya bi tafiretocin zuwa inda ake zubar da su, ko zai samu na gyarawa. A can ya tarar da waɗanda suka kore su, kwamfutocin farko, su ma an fara zubo su. Abin ya ba shi dariya, sannan ya ba shi tausayi, ya ɗauki ɗaya ya kai gida.

Kada ka ce aikin banza yake yi. Akwai mai ɗab'i da injin yankansa ba ya jin maganar kowace kwamfuta sai ta zamanin da aka ƙera shi. Akwai mai masaƙa, akwai mai ma'aunin manyan motoci. Ranar da tasu ta mutu, babu kantin da za su shiga su samu irinta, dole su nemi ƙofar Mai Alli. Da wannan ya yi aure, da wannan ya aurar da 'yarsa ɗaya tilo.

Ɗaki biyu yake haya, ɗaya nasa da matarsa, ɗaya na kwamfutoci, kuma na kwamfutocin ya fi girma, abin da matar ba ta daina mita a kai ba. Yadda yake aiki bai taɓa canzawa ba. Zai buɗe akwatin, ya hure ƙura, ya ba shi wuta, ya ɗora tsinin sukudireba a kan faifan ajiya, ɗan ƙarfen nan mai girman sabulun wanki inda duk abin da aka rubuta yake zama, ya kanga mariƙin a kunne. Mai lafiya yana da wani gurnani siriri, mai mutuwa kuwa ƙas-ƙas yake yi. Wadda ta tashi sai ya zana mata zobe da alli ya jera ta a kan kantar ajiya. Wadda koren allon cikinta ya ƙone sai ya zana mata gicciye, ya fitar da ita hagu da ƙofa. Kowace Alhamis Mai Sikeli, wani gajere mai sayen mataccen ƙarfe, zai zo da kurarsa ya kwashe duk mai gicciye. Ko Mai Alli ba ya nan matarsa za ta miƙa masa, babu tambaya, babu jira. Shekara goma sha biyar haka ake yi, ba a taɓa samun kuskure ba.

To, ita Yaya, haka yake kiranta har yau da furfura a gemunsa, ta daɗe da barin ɗinkin hannu. Tana da keken surfani mai aiki da kwamfuta, tsoho, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a bakin titi, nan take aiki nan take kwana. Kwamfutar shi ya tsinto mata shekara ashirin da biyu da suka wuce. A cikinta Yaya ta zana duk wani fure da ganye da sarƙa da take ɗora wa mutane a wuyan riga da bakin zanen gado, ɗigo bayan ɗigo, hancinta kusa da gilashi. Zane ɗari shida da ɗoriya, kowanne da lambarsa, kuma babu irinsu a wurin kowa.

Shekara huɗu ke nan idanunta suka dushe. Likita ya ce jijiyar ce, ba ta dawowa. Ba ta iya zana ko ɗigo ɗaya yanzu, amma lambobin suna kanta. Mai Alli ya ɗiga mata gam a kan madannin biyar don yatsanta ya gane hanya. Mace za ta zo ta ce tana son furen nan mai ganye uku, Yaya ta ce, "Ɗari biyu da tara," ta danna, keke ya kama aiki, ita kuma ta bi zaren da ɗan yatsa ta ji ko ya tafi daidai. Ɗanta da ke wani gari ya matsa ta sayar da keken ta koma gidansa ta huta. Ita kuwa ta ce wannan ba hutu ba ne, zaman jiran mutuwa ne a ɗakin baƙi, kuma muddin keken yana motsi babu inda za ta.

Sau nawa ta ce masa, "Ƙanena, ka kwafe min zanen nan a wani wuri, na ji an ce abin yana mutuwa." Shi kuma ya ce, "Gobe, Yaya." Wannan shi ne abin haushin. Mutum yana da faifai fiye da arba'in a jere a kanta, kowanne da zobensa, aikin da ba zai ci masa rabin yini ba, amma na mai ɗab'i ya fi gaggawa, na mai masaƙa ya fi gaggawa. Na Yaya ai na gida ne, ba ya gudu.

Ran wata Laraba kwamfutar ta yi tari ta ɗauke, ɗakin ya cika da ƙauri. Ya je ya ɗauko ta a ka. Yaya ta rako shi har bakin ƙofa tana dafe da gefen akwatin, inda akwai tabon dutsen guga da ta taɓa ajiyewa a kai da zafinsa.

"Ka san abin da ke ciki," ta ce.

"Na sani, Yaya. Jibi za ki ji kukan kekenki."

Washegari da safe ya buɗe ta. Allon ya ƙone ƙurmus, wannan ba ya gyaruwa. Ya jawo wuta daga wata kwamfutar ya ba faifan, ya kanga sukudireba a kunne. Gurnanin nan siriri ya shigo masa tas, babu ko gargada. Ya sauke numfashi, har da 'yar dariya. Faifan lafiyarsa ƙalau, cire shi kawai zai yi ya sa a wani akwatin. Yana cikin wannan murnar hannunsa ya hau bayan kunne, ya sauko da alli, ya zana gicciye a murfin, tunda allon ya mutu. Bai ma san ya yi ba, hannun ne ya yi abin da ya saba.

Sukuru huɗu ke riƙe da faifan. Uku suka fita, na huɗun kansa ya cinye, sukudireba sai zamewa yake yi. Ɗakin da duhu-duhu, sai ya ɗauko akwatin ya fito da shi bakin ƙofa wurin haske, ya ajiye inda ƙafarsa ta saba kai shi. Ya sake gwadawa, abu ya ƙi. Ya ce bari ya aro abin huda ƙarfe wurin mai walda a ƙarshen layi. Ya tarar mai waldan yana tsakiyar haɗa wata ƙofa, ya zauna jira, hira ta yi daɗi.

Da ya dawo, hagu da ƙofa fes, har an yi shara.

Ya tsaya da abin hudar a hannu. Matarsa ta leƙo tana goge hannu a zani ta ce, "Mai Sikeli ya zo da wuri yau, na ba shi guda shida."

"Biyar ne."

"Shida dai. Har da mai tabon guga."

Ta ga fuskarsa, ta daina goge hannun. "Maigida, gicciye ne a kanta. Da idona na gani. Kai ka ce duk mai gicciye..."

"Ni na ce," ya amsa. "Ba laifinki."

Mutumin da ya ba hamsin baya, ranar ya yi gudu a titi har takalminsa ɗaya ya tsinke. Ya samu Mai Sikeli a filinsa yana cin abinci, kura wayam. Mai Sikeli ya ce ai tun a hanya ya haɗu da motar da ke kai wa 'yan guduma kaya, ya juye mata duka. Ya ƙara da cewa, "Yallaɓai, ni ban san akwati da tabo ba, nauyi na sani."

Bayan juji rumfuna ne na 'yan guduma sun fi talatin, a jere cikin hayaƙin wayar da ake ƙonawa, kuma mota ba ta da rumfa ɗaya, duk wanda ya tare ta shi ke saukewa. Mai Alli ya fara daga ta farko. Yana ɗaga akwatuna, yana juya su, yana tambaya, "Mai launin ƙashi, da tabon guga a sama, da gicciyena." Suka yi ta dariya, don rabin akwatunan wurin da gicciyensa. Wani ya ce, "Likita, yau gawa ce ta gudu daga asibiti?" Bai ji haushi ba, bai ma ji ba. Duk ƙarar guduma da ta sauka a wata rumfa sai ya bar wadda yake dubawa ya ruga can.

Har rana ta faɗi bai samu ba. Yaya ta kira shi a waya, ya kalli wayar tana ƙara har ta kusa tsinkewa, sannan ya ɗauka ya ce, "Ina kai, Yaya, wani ɗan sukuru ne ya ba ni wahala." Wannan kam gaskiya ce, kuma ita ce ƙarya mafi muni da ya taɓa yi mata.

Juma'a ya koma tun kafin tifar farko. Ya tona tsibin fasassun murafe da hannu har gilashi ya yanke shi a tafi, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Masu tsokanar suka daina, don sun ga abin ba na wasa ba ne. Wata mai sayar da ruwa ta miƙa masa leda ɗaya ba ta karɓi komai ba. Ya yi alkawarin duk wanda ya kawo masa akwatin nan da faifansa a ciki, ya zo ya zaɓi goma a masu zobe. Kafin azahar an kawo masa akwati bakwai, har da wanda wani ɗan iska ya ƙona wa sama da ƙarfe mai zafi don ya yi kama da tabon guga. Tsoro ne fal cikinsa, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka fitar da gawar uwarsu, don a ranar akwai wadda ta riƙe masa hannu.

Ran Asabar da hantsi ya gan shi. A can rumfar ƙarshe, kusa da kwatar baƙin ruwa, wani ƙaton ɗan guduma yana zaune a kai yana shan shayi. Mai Alli ya gane gefen tun daga nesa. Ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah ɗan tashi." Mutumin ya tashi. Ga tabon guga, ga gicciye da hannunsa. Ya ɗaga akwatin ya ji shi sakayau. Inda faifan yake, sukurun nan na huɗu yana nan daram, da ɗan guntun ƙarfe a maƙale, an fizge sauran da ƙarfin tsiya.

"Faifan fa?"

"Tun shekaranjiya," in ji ƙaton. "Mayen ƙarfen ciki na ba mai gyaran lasifika, gangar jikin ta tafi narka." Ya dube shi, ya rage murya. "Baba, da na san naka ne. Madubin dai yana wurin mai aski, shi ke karɓa."

A cikin kowane faifai akwai wani ɗan zagayayyen ƙarfe mai sheƙi, a kansa rubutun yake, kuma ko ƙura ba a so ta taɓa shi. Mai askin juji ya mai da su ado. Ya zura su a igiya ya kewaye rumfarsa da su, sun fi ɗari, suna juyawa a iska, masu aski suna duba ƙeyarsu a ciki. Mai Alli ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na zamani farare ne tas. Na Yaya tsoho ne, ya san zai fi su kauri, da ɗan ja-ja kamar ruwan shayi. Ya same shi kusa da ƙarshen igiya. Wani ƙarzane mai zurfi ya bi ta kansa daga tsakiya har gefe, gefen kuma ya lanƙwashe, ga shatar yatsu ko'ina. Mai askin ya kwance masa ba tare da ya tambayi dalili ba.

Ya san ya mutu. Wa ya fi shi sani? Duk da haka ya kai shi gida a naɗe cikin hularsa, ya rufe ƙofa da taga, ya sauko da wani faifai mai zobe irinsa sak, lafiyayye, ya buɗe shi ya kashe shi da hannunsa, ya cire nasa ya dasa na Yaya. Ya ba shi wuta, ya kanga jan sukudireba a kunne. Abin ya juya sau ɗaya, ya yi wani ƙara kamar ana jan cokali a gindin tukunya, ya tsaya. Ya sake, ya sake, har sau tara. Matarsa tana tsaye a bayan ƙofa, a na taran ta ce a hankali, "Maigida, ka je ka gaya mata. Tana ta kira."

Da la'asar ya isa. Yaya tana zaune a kan kujerarta gaban keke, hannu a cinya, ga yadin mutane a ninke a gefe, kowanne ta maƙala masa fil adadin da zai tuna mata mai shi. Tun daga takunsa ta gane.

"Ban ji ka ajiye kaya ba," ta ce.

Ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi laifi. Ya gaya mata duka, allin da sukurun da hirar mai walda, da goben da ya yi shekaru yana ce mata. Bai rage komai ba, bai kuma sa sunan matarsa a ciki ba. Yana magana yana kuka, kukan babban mutum mara daɗin ji. Ya so ta zage shi, ya so ta ɗaga hannu ta mare shi, da ya fi masa sauƙi.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Mene ne a hannunka?"

Ya ɗora mata a tafi. Ta juya shi, ta auna nauyinsa, sannan ta fara bin fuskarsa da ɗan yatsan nan da take bin zare da shi, a hankali, daga gefe tana kewayawa zuwa tsakiya.

"A nan suke?"

"A nan suke, Yaya."

"Har da lamba sha ɗaya? Wanda na yi wa 'yarka a rigarta ta fari?"

"Har da shi."

Ta ci gaba da shafawa, ta juya ɗaya gefen ta bi shi ma. Ta daɗe.

"Shekara ashirin da biyu," ta ce, "ko tudun zare ɗaya ban ji ba. Sai wannan ƙarzanen."

Ya ce zai nemi masu tsofaffin rigunan da ta yi, ya bi gida gida, ya kwafo zanen da idonsa, zai koya, ba zai sake taka juji ba sai ya gama. Ta bar shi ya yi ta faɗa har ya gaji. Ita ta san hannunsa, ko layi miƙaƙƙe bai iya ja ba in ba zobe da gicciye ba, shi ma ya sani.

Ta ajiye ƙarfen a cinya, ta miƙa hannu ta laluba fuskarsa, ta share masa kunci da bayan yatsu kamar dā. Hannun ya wuce zuwa bayan kunnensa na dama, ya zaro allin. Ta miƙe, ta dafa teburi, ta laluba har ta samu faffaɗan gefen keken, wurin da ta saba gogewa kowace safiya. Ta ja layi ɗaya, ta nemi tsakiyarsa da yatsa, ta ja na biyu a gicciye.

Ta miƙo masa allin ta ce, "Ran Alhamis Mai Sikelin yake zuwa, ko?"